Yadda ake gyara tsofaffin tagogin katako da kula da su a Kaduna

Tun daga shekarar 1917 da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, har zuwa 1967 da aka rarraba yankin zuwa jihohi, an gina gidajen ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa da makarantu da asibitoci masu yawa a garin, kuma da dama daga cikin waɗanda suka rage har yau suna ɗauke da tagoginsu na katako na asali. Mafi yawansu masu hinji ne da ake turawa waje, amma wani lokaci akan ci karo da irin wadda aka fara yi a Ingila a ƙarshen ƙarni na 17, mai ganye biyu da suke zamewa sama da ƙasa, inda kowane ganye yake rataye da igiya biyu, kowace igiya kuma ta bi ta kan ɗan wili ta riƙe dunƙulen ƙarfe da yake ɓoye a cikin firam. Wannan ta biyun ta fi wahalar gyara, shi ya sa za ta fi cin bayani a nan, amma duk abin da ya shafi katako da gilashi da fenti ya haɗa su duka biyun.

Idan aka kira kafinta ya duba irin wannan taga, sau da yawa abin da zai ce shi ne, "Alhaji, wannan ai ta gama yayi, a cire ta a sa ta alminiyom." Ina roƙon mai gida kada ya yi saurin amincewa. Katakon da aka yi waɗannan tagogi da shi, galibi madaci ko loko, an yanko shi ne daga manyan itatuwan da suka ƙosa, ya kuma bushe sarai tsawon shekaru, ta yadda da wuya a sami kamarsa a kasuwar katako a yau ko da an sa kuɗi. A mafi yawan lokuta abin da ya lalace bai wuce katakon gindi ba, da igiyar da ta tsinke, da fentin da aka yi ta maimaitawa har ya liƙe ganyen da firam. Ga kuma wani amfani da tagar alminiyom mai zamewa gefe ba ta da shi: idan aka sauke ganyen sama kaɗan aka ɗaga na ƙasa kaɗan, iska mai zafi tana fita ta sama, mai sanyi tana shigowa ta ƙasa, kuma wanda ya kwana a Kaduna cikin watan Maris ko Afrilu babu wutar lantarki ya san darajar wannan.

Kafin a ɗauki guduma, a fara da sanin lokacin da ya dace, domin yanayin Kaduna shi ne babban abin da yake juya katako. Daga Afrilu zuwa Oktoba katako yana shan laima yana kumbura, musamman a watan Agusta da ruwa yake yi kamar da bakin ƙwarya, sannan da hunturu ya shigo sai ya bushe ya tsuke. Kumburin nan ta faɗi yake faruwa, tsawon katako kusan ba ya canzawa. Saboda haka wanda ya ga tagarsa ta cije a tsakiyar damina ya sa aka aske mata gefe har ta sake, to a watan Janairu zai tarar tana kaɗawa a cikin firam, ƙura tana shigowa ta ko'ina. Wanda kuma ya gyara ta a tsakiyar rani ya matse ta ƙam babu sarari, damina na sauka za ta ƙi motsi. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da katako ya fara bushewa amma ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. Idan kuwa sai da rani za a yi aikin, a bar sararin milimita 2 zuwa 3 tsakanin ganye da firam saboda kumburin da yake tafe.

Dubawa ita ce matakin farko, kuma sukundireba kaɗai ya isa. A bi katakon ana danna bakinsa a hankali, a fi mayar da hankali ga katakon gindi da kusurwoyi biyu na ƙasa, domin nan ne ruwa yake taruwa. Lafiyayyen katako ba ya karɓar ƙarfe, amma ruɓaɓɓe sai ka ji bakin sukundireban ya nutse, wani lokaci ma fentin da yake sama lafiya lau yake, cikin ne ya zama gari. A ƙwanƙwasa firam ɗin da ƙotar, in an ji ƙara irin ta abu mai rami, to gara ta riga ta shiga. Alamarta ta biyu ita ce siririyar hanyar ƙasa da take ginawa daga tushen bango zuwa taga, wadda sau da yawa takan ɓuya a bayan labule ko kabad. Idan kuwa ƙananan huji aka gani da gari mai laushi yana zubowa daga cikinsu, wannan ƙwaro ne mai huda katako, ba gara ba. Tagogin gabas su ne suka fi buƙatar a duba su da kyau, saboda daga nan hadari yake tasowa da iska, ruwa yana dukan su kai tsaye, na yamma kuma ranar la'asar ce take gasa fentinsu har ya tsattsage.

Akwai gargaɗi guda da ba zan so a tsallake ba. Tsofaffin fenti na mai da yawa suna ɗauke da dalma, kuma ƙurarta guba ce da take taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara da 'ya'yan da suke cikin mahaifa. Mutanen Arewa ba su manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga aikin haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara. Don haka kada a goge tsohon fenti a bushe da samfefa ko da inji, kada kuma a babbaka shi da wuta. A jiƙa wurin da ruwa kafin a kankare, a shimfiɗa leda a ƙasa don tattara ɓawon, mai aikin ya rufe hanci da baki, a kuma nisantar da yara da masu juna biyu daga ɗakin har sai an share an goge da jiƙaƙƙen tsumma. Abin da ya fi shi ne a fitar da ganyen waje a yi aikin a can, nesa da inda ake girki ko shanya.

Cire ganyen yana buƙatar haƙuri fiye da ƙarfi. A gefen ciki akwai siririn katako da ya zagaye firam, shi ne yake tare ganyen ƙasa kada ya faɗo cikin ɗaki. A bi layin da ya haɗa shi da firam da wuƙa mai kaifi a yanke fentin, sannan a sa kurfi mai faɗi a tsakiyar tsawonsa, ba a ƙarshe ba, a ɗan banƙara shi kaɗan-kaɗan har ya lanƙwaso ya fito da kusoshinsa. Da ya fita, ganyen ƙasa zai iya fitowa, amma mutum biyu ake so: ɗaya ya riƙe ganyen, ɗaya ya cire igiyar daga kwarmin da ke gefensa. Idan igiyar tana da sauran ƙarfi, kada a sake ta haka nan, domin dunƙulen ƙarfen zai faɗa ƙasa da ƙarfi ya iya fasa katakon ciki; a riƙe ta a sauke shi a hankali. Bayan nan sai siririn katako na biyu da yake tsakanin ganyayen, wanda yake zaune a cikin kwarmi, galibi ba kusa. Shi ne ya fi saurin karyewa, kuma in ya karye ba abin damuwa ba ne, kowane kafinta zai iya fitar da irinsa idan aka kai masa guntun. Da an zare shi ganyen sama zai fito. Duk abin da aka cire a rubuta masa lamba da fensir a bayansa, har da dunƙulen ƙarfen, domin na ganyen sama da na ƙasa ba lallai nauyinsu ya zo ɗaya ba.

A ƙasan kowane gefe na firam akwai ɗan murfin katako da fenti ya kan ɓoye shi, a nemi layinsa a buɗe. Ta nan ake zura hannu a fito da dunƙulen, a kuma kwashe abin da ya taru a ramin, wato guntayen igiya da ɓaraguzan siminti da ginin zanzaro, waɗanda su ma sukan hana ƙarfen sauka. Wilin da ke sama a kankare masa fenti, a ɗiga masa man keken ɗinki, a juya shi da yatsa har ya sake. Idan an tarar babu dunƙulen gaba ɗaya, abin da yakan faru a gidajen da suka daɗe babu kowa har 'yan gwangwan suka ziyarce su, a auna nauyin ganyen da gilashinsa a kan sikeli, a raba biyu, a je Panteka, kasuwar maƙera da masu walda ta Kaduna, a sa a yanko sandar ƙarfe mai wannan nauyi wadda za ta shiga ramin, a yi mata kunnen ɗaura igiya. Ana so ƙarafan ganyen sama su ɗara shi nauyi kaɗan don ya zauna a rufe, na ganyen ƙasa kuma su gaza shi kaɗan don kada ya riƙa ɗagawa da kansa.

Gyaran katakon shi ne inda ake gane ƙwararren kafinta. Duk inda ya ruɓe a sassaƙe shi har a kai ga lafiyayye, kada a bar komai mai laushi da sunan tausayi, domin ruɓa tana ci gaba a ƙarƙashin sabon fenti. Ƙaramin rami ana iya cike shi da abin cike katako mai haɗi biyu, irin wanda yake ƙanƙarewa bayan an gauraya. Amma in wurin ya kai faɗin tafin hannu, ko ya shafi kusurwa, to ƙari za a yi: a yanke ruɓaɓɓen a karkace, a sassaƙo sabon guntu daidai da shi, a haɗa da gam mai jure ruwa da sukurun da ba ya tsatsa. A nan ne nake ganin da tsohuwar zuma ake magani, domin guntun tsohuwar ƙofa ko taga daga gidan da aka rushe ya fi sabon katako nesa ba kusa ba. Sabon katakon kasuwa sau da yawa ɗanye ne, zai tsuke bayan wata biyu ya buɗe baki a wurin haɗin, ruwa ya sami hanya. Farin katako mara nauyi irin wanda ake rufin silin da shi kuwa bai dace da taga ba ko kaɗan, gara da ruwa ba sa barinsa. A kuma lura jijiyar sabon guntun ta bi hanya ɗaya da ta tsohon.

Idan kusurwoyin ganyen sun saki, wato harshen katako yana motsi a cikin raminsa, a buɗe haɗin a kankare tsohon gam, a shafa sabo, a mayar, a buga 'yan tsinken katako su matse harshen. Wanda ba shi da ƙarfen matsewa yana iya zagaye ganyen da igiya biyu ya sa ɗan sanda a tsakiya ya yi ta murɗawa har ta ɗaure tamau, amma ya sa kwali a kusurwoyi kada igiyar ta ci katakon. Kafin gam ya bushe a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu. In awon ya zo ɗaya, ganyen ya miƙe, in bai zo ba a tura shi kaɗan har ya daidaita.

Game da gara, maganin da ake shafa wa katako irin su Solignum yana aiki, kuma akwai mara launi da ake iya yin fenti a kansa bayan ya bushe. A shafa shi sosai a bayan firam da cikin ramin ƙarafa da duk bakin katakon da aka yanka, saboda bakin yanka ya fi ko'ina shan ruwa. Mutane da yawa suna shafa baƙin mai, to amma duk inda ya taɓa fenti ba zai kama ba, zai yi ta ɓullowa yana ɓata launi, ga wari a ɗaki. Sannan shafa magani a taga kaɗai ba ya isa idan gidan garar yana gindin bango. Sai an bi hanyarta an kai ga inda take fitowa, an kawar da tarin ƙasa ko itace ko kwalin da aka jingina a jikin ginin.

Daga nan sai gilashi. Tsohon kwaɓin da yake riƙe da shi, wanda ake yi da garin alli da man linsid (wani man tsiro da ake haɗa fenti da shi), idan ya tsufa yakan tsage ya bar rata, ruwa ya gangaro daga gilashin ya shige kai tsaye cikin katako, kuma wannan ita ce babbar hanyar da ganyen taga yake ruɓewa. Wanda ya saki a cire shi da bakin kurfi a hankali, wanda yake riƙe gam kuma bai tsage ba a ƙyale shi, domin wajen tilasta shi ne ake fasa gilashi. Idan za a sa sabon gilashi, a yanko shi ya gaza ramin da kamar milimita 3 a tsawo da faɗi, kuma kaurinsa ya zama irin na da, saboda in an sa mai kauri ganyen zai yi wa ƙarafan nauyi ya riƙa zamowa. A fara shafa fentin shimfiɗa, wato hawan farko na fenti, a kwarmin, in ba haka ba busasshen katako zai tsotse man kwaɓin ya bar shi ya farfashe. A murza kwaɓin a tafin hannu har ya yi laushi, a shimfiɗa siriri a kwarmin, a ɗora gilashin a danna ta gefuna ba ta tsakiya ba, a kafa ƙananan kusoshi marasa kai su riƙe shi, sannan a cika gaban da kwaɓi a ja wuƙa a kai sau ɗaya a karkace, yadda ruwa zai zame ya wuce. A bar shi mako ɗaya zuwa biyu ya yi fata kafin fenti. Silikon da masu alminiyom suke amfani da shi ya fi sauri, amma fenti ba ya kama shi. Tsumman da ya sha man linsid kuma kada a dunƙule shi a jefa a kwana, domin yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A baza shi a waje ya bushe ko a jiƙa shi a ruwa.

Fenti na mai ake so, ba na ruwa irin na bango ba, kuma hawa uku: na shimfiɗa, na tsakiya, da na ƙarshe mai sheƙi, kowanne siriri, a bar shi ya bushe a ɗan goge kafin na gaba. A yi shi da safe kafin iska ta taso da ƙura, ba kuma a cikin tsakar rana ba, inda saman zai bushe cikin yana ɗanye. A fara da siraran katakon da suke raba gilashi, sannan na kwance, sannan na tsaye. Fentin ya hau kan gilashi da kamar milimita 2 bayan kwaɓin, wannan ɗan layin shi ne yake rufe hanyar ruwa, don haka kada mai gogewa ya kankare shi da reza da sunan tsabta. Ƙarƙashin ganyen da samansa, inda ido ba ya gani, su ma a fente su. Gefunan da suke gogar firam kuwa a bar su babu fenti mai kauri, a goga musu kyandir ko kakin zuma, haka ma igiya da wili kada buroshi ya taɓa su. A ƙarƙashin leɓen katakon gindi ta waje akwai ɗan kwarmi da aka yi don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya koma jikin bango. Shekarun fenti sukan toshe shi, sai a bi shi da ƙusa a buɗe.

Igiya kuwa, ko guda ɗaya ce ta tsinke, a canza duka huɗun tunda an riga an buɗe. A nemi saƙaƙƙiyar igiyar auduga mai kaurin da ya dace da kwarmin wilin, galibi milimita 6 zuwa 8. Igiyar roba irin ta shanya tana miƙewa, rana kuma tana cinye ta. Don shigar da ita, a ɗaura ƙaramin sukuru a bakin zare, a jefa shi ta kan wilin ya sauka cikin ramin, a kamo shi ta ɗan murfin ƙasa, a ɗaura igiyar a ɗaya bakin zaren a jawo ta. A ɗaure ta a kunnen ƙarfen da ƙulli mai ƙarfi, a gajarta jelar ƙullin kada ta maƙale. Sai a ja igiyar har ƙarfen ya kusa taɓa wilin, a kafa ta a jikin firam da kusa na ɗan lokaci, a ajiye ganyen a kan katakon gindi, a auna inda igiyar za ta zauna a kwarminsa, a yanke a kafe. Kada a buga kusa a kusa da saman ganyen, domin za ta hana shi wuce wilin. A fara mayar da ganyen sama, a tura shi har ƙarshe, a leƙa ta murfin a tabbata ƙarfen yana rataye da ɗan sarari a ƙarƙashinsa bai zauna a ƙasa ba, domin in ya zauna ganyen ba zai tsaya a rufe ba. Sannan siririn katakon tsakiya, sai ganyen ƙasa, sai na ciki, wanda ya fi kyau a kafa shi da ƙananan sukurai maimakon kusa saboda gyaran gaba. Kafin a ɗaure shi, a sa ɗan siririn kwali tsakaninsa da ganyen, a ɗaure, a zare kwalin; wannan sararin ya isa ganye ya zame ba tare da kaɗawa ba.

Tagar hinji ba ta da wannan dogon aiki. Matsalarta ita ce sukuran hinji da suke sakewa har ganyen ya sunkuya yana gogar ƙasa. A cire sukurun, a cusa ɗan tsinken katako da gam a ramin, in ya bushe a mayar da sukuru mai ɗan tsawo.

Ƙarfen kariya daga ɓarayi da ragar sauro sun zama dole a yau, amma yadda ake kafa su yana kashe tagogi da yawa. A dasa ƙarfen a jikin bango, ba a jikin firam ba, domin in ya yi tsatsa a cikin katako yana kumbura ya tsaga shi. Idan mai walda zai yi aiki a wurin, a rufe gilashi da katako da falle na kwano, saboda tartsatsin yana ƙona fenti yana kuma barin tabo a gilashi da ba ya gogewa. Raga kuma a yi mata nata firam da ake cirewa da sukuru, yadda za a iya kaiwa ga tagar a wanke ta ko a fente ta.

Kulawar shekara-shekara ba ta da yawa. Bayan hunturu a share ƙurar da ta taru a kwarmin da ganye yake bi, a wanke katakon da ruwa da ɗan sabulu, a sake goga kyandir. Kafin ruwan farko a zagaya a duba kwaɓin gilashi da fentin katakon gindi, duk inda ya tsage a gyara a take. A duba indararo da bakin kwano kada ruwa ya riƙa zuba a kan taga, haka ma ruwan na'urar sanyaya ɗaki, wanda yake ɗiga ko da rani. A riƙa buɗe kowace taga lokaci-lokaci ko da ɗakin babu mai kwana, saboda wadda aka bari a rufe ita ce take cijewa. Tagogin gabas da yamma sukan nemi sabon fenti bayan shekara huɗu zuwa biyar, waɗanda baranda ta rufe kuwa sukan wuce haka. Wanda yake zaune a gidan gwamnati ko na haya ya nemi izinin masu gidan kafin ya taɓa firam, sannan a yi ciniki da kafinta a kan kowace taga daban bayan an buɗe an ga abin da ke ciki, tare da sharaɗin cewa sakata da mariƙi da wilin tagulla da aka cire za su koma inda aka same su.